Doyar Da Ta Yi Yatsu a Ƙetaren Gwari

Tun da kuka zauna a rumfar nan nake jin ku. Wannan ya ce harkar irin doya ba wani abu ba ce, ka sayi ƙanana da kaka, ka ajiye, ka sayar idan ruwa ya kusa sauka. Wancan ya ce shi a waya ma zai riƙa yi, ya ɗauki hoto ya tura wa manoma su zaɓa. To madalla. Kallon kitse kuke wa rogo, amma ban ga laifinku ba, kun tarar da ni a zaune ina shan inuwa, ba ku ga shekarun da aka yi a tsugune ba. Kai mai hoto, matso kusa, da kai nake.

Ni ba ɗan manomi ba ne. A Tudun Wada ta nan Minna aka haife ni, mahaifina tela ne, kuma ya so in gaji keken ɗinki. Allah bai nufa ba, ƙafata ba ta iya zama wuri ɗaya. Ina saurayi na bi wata mota zuwa Gwada ranar kasuwa, na shiga cikin masu lodin doya. A can na haɗu da Baba Barde, manomi ne mutumin Gbagyi daga wani ƙauye da ke bayan Gwada, gajere, mai faɗin kafaɗa, Kirista, ga barkwanci. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa, har da doya. Ya ga ina ɗaukar doya da hannu biyu ina ajiyewa a hankali, sauran kuwa jifa suke yi, sai ya ce, "Kai Idi ɗan Hausa, wa ya koya maka tausayin doya?" Na ce ba kowa. Ya ce to in biyo shi ya koya mini sauran.

Aikin farko da ya ba ni, juye mini kwanduna ya yi a tsakar gida, ya ce in ware kowane iri daban. Na ce a raina wannan ai aikin yara ne. Na tara dogwaye wuri ɗaya, gajeru wuri ɗaya, masu kan tulu gefe, masu yatsu kamar citta can nesa. Na miƙe ina kakkaɓe hannu. Baba ya zagaya ya duba, ya kira matarsa Mama Laraba ta zo ta gani, suka yi ta dariya da yarensu har tana riƙe ciki. Da ya huce sai ya ce mini duk abin da na raba ɗin nan iri ɗaya ne, uwarsu ɗaya, shekara ɗaya aka shuka su. Sannan ya shiga rumbu ya ɗauko wasu guda biyu da suka yi kama kamar an tsaga kara, ya ce waɗannan kuma ba su haɗa komai ba. Ran nan na san ma'anar kama da wane ba ta wane.

Bai yi mini bayani da baki ba, gona ya kai ni. Gonarsa ta faro ne daga gindin wani tsauni ta gangara har bakin rafi, kuma akwai layi guda da ya shuka da iri ɗaya tun daga sama har ƙasa. Na yi damina guda ina bin layin nan. A sama, inda ƙasa take da tsakuwa kuma ruwa ba ya zama, ganyen ƙanana ne masu kauri, yaɗon ya cika da ƙaya. In ka gangaro tsakiya sai ganyen ya fara sakewa. Akwai wasu tsibaye, wato tulin ƙasar da ake binne doya a ciki, da suka faɗa ƙarƙashin wata ɗorawa, su kuma ganyensu ya buɗe ya kai tafin hannuna, lallausa, yaɗon ya yi siriri yana ta gudu sama neman rana. Da lokacin tono ya yi, ta sama ta fito gajera, ɓawonta da kauri, jikinta duk saiwoyi kamar gashi, ta raba ƙafa ta bi tsakanin duwatsu. Ta bakin rafi kuwa doguwa, sumul, sai ka haƙa har gwiwar hannu kafin ka kai ƙarshenta.

Na tambaye shi ko ta saman nan ciwo gare ta. Ya ce, "Ciwon me? Doya ba shi da ƙafa. Kai in wuri bai yi maka ba sai ka hau mota ka koma Minna. Shi fa? Inda aka binne shi nan zai zauna, sai ya gyara jikinsa." Ya ɗaga gajerar ya nuna mini. Kaurin ɓawon nan shi ke riƙe mata ruwa. Yawan saiwoyin nan na lalubar danshi ne. Yatsun kuwa, ta doshi ƙasa ta ci karo da dutse, maimakon ta tsaya sai ta rabu ta kewaye shi. Ƙaramin ganye ba ya zubar da ruwa a rana, babban ganye kuma yana kama ɗan hasken da ya ratso inuwa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da muka ɗauki mai yatsun nan muka shuka a bakin rafi wata shekara, sai ta ba mu doguwa. Ashe ba irin ne ya sauya ba, shiga ce ta yi irin ta wurin da ta samu kanta.

Ko a tsibi ɗaya ma doya tana da fuska biyu. Tsakiyar damina akan buɗe tsibi ta gefe, a yanke doyar da ta nuna, a bar kan da saiwoyinsa, a mayar da ƙasa. Wannan ita ce sabuwar doyar da kuke rububi a kasuwa. Kan da aka bari ba ya mutuwa, sai ya sake zubo wasu 'ya'ya a dunƙule, ƙulu-ƙulu, marasa kyan gani. Su ne iri. Wato abin da nake sayarwa ba ya kama da uwarsa, kuma ba ya kama da abin da zai haifa. To gaya mini, hoton me za ka tura wa manomi?

Idan siffa ba abin dogaro ba ce, da me ake gane iri? Da toho. In rani ya yi nisa doya ta farka daga barcinta, kan nan yakan fitar da toho, kuma kowane iri da kalar nasa, da yadda ƙayarsa ke fitowa. Wani kore shar, wani fari-fari, wani ja. Wannan ba ruwansa da tsakuwa ko laka. Sai kuma kalar naman da ke ƙarƙashin ɓawo in ka ɗan karce wuya da farce. Shi ya sa har gobe ba na yanke farcen babban yatsana na dama, matata ta yi mita har ta gaji.

Kayan aikin ba su da yawa. Wuƙar nan da kuke gani, tsohuwar adda ce maƙeri ya rage mini. Sai toka, kuma tokar murhun itace, ba wadda aka ƙona leda a ciki ba. Sai rumfa mai iska, don doya ba ta son ɗaki a rufe. Sauran kuma hannu ne da hanci. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka ƙwanƙwasa ka ji sauti, ka sunsuna wuya, don ruɓa tana fara wari kafin ta nuna a ido. In za ka yanka babba ka raba, kowane yanki sai ya tafi da ɓawonsa, domin rai a ɓawo yake, farin naman nan guzuri ne kawai. Ka shafa toka a bakin yankan, ka shanya a inuwa ya bushe. Baba kan ce mai gaggawa ya je ya sayar da rake.

Masu saye kuwa, Allah ya yi su iri-iri kamar doyar. Akwai wani malamin makaranta da ya yi ritaya, Malam Yakubu, mutumin kudancin Kaduna, ya sayi iri a wurina ya shuka a wani fili da ya samu a gefen gari. Da kaka sai ga shi a bakin rumfa da buhu, ya zazzage mini a gaban mutane, ya ce, "Malam Idi, doya na saya ko citta?" Ban yi musu da shi ba. Na hau bayan mashin ɗinsa muka je gonar. Tsibayensa ba su fi kwanon tuwo ba, ƙarƙashinsu kuma marmara ce ja wur, ko garma ba ta shigarta. Na ce, "Malam, doyar nan ta yi maka ƙoƙari. Ka ba ta ɗan ƙaramin ɗaki ka ce ta miƙe ƙafa." Ya yi dariya duk da ransa a ɓace yake. Na ce ya ajiye waɗannan ɗin dai, ya ɗaga tsibi ya kai ƙugu, ya zuba taki. Shekarar da ta biyo da kansa ya kawo mini guda biyu kyauta, kuma a wurina yake sayen iri har ya rasu.

Tun daga kansa ba na sayar wa mutum iri sai na tambaye shi ina gonarsa, wace irin ƙasa ce, ruwa na kwanciya ko gangare ne. Domin ba kowace doya ce ke da wannan haƙurin ba. Akwai mai taurin kai, ita siffa ɗaya ta sani. In ta samu ƙasa mai laushi ta yi kyau, in ba ta samu ba ta tsumbure ko ta mutu. Akwai kuma mai bin wuri, wadda ko ina ka kai ta sai ta nemo yadda za ta rayu. Wani malamin gona da ke yawan zama a rumfar nan ya gaya mini ba doya kaɗai ba ce, haka itatuwa suke, har kifi da ƙwari, kuma a littattafansu abin yana da suna. Ya faɗa mini sunan, ya fi ƙarfin harshena. Mun dai yarda ni da shi cewa haƙurin ma yana da iyaka, in ruwa ya kwanta a gindin tsibi babu doyar da ba ta ruɓewa.

Yanzu bari in zo kan muguwar shekara, don ita ce ta sa na tsayar da ku.

Baba Barde yana da wata doya ta gidansu, tun daga kakanninsa. Mu a kasuwa Siliki muke ce mata saboda santsin jikinta. Doguwa ce, miƙaƙƙiya, fara ƙal a ciki. Bai taɓa sayar da irinta ba, ko ni da na yi shekaru a hannunsa taya shi yanka kawai nake yi. Kuma saboda darajarta, wuri mafi kyau a bakin rafi ake ware mata kowace shekara. Ku riƙe wannan, babu wanda ya taɓa ganin Siliki a ƙasa mai wuya, har mutanen gidan. Ni abin da na riƙe nata shi ne tohonta, ja ne mai duhu kamar zoɓo.

Baba ya rasu a gidansa cikin rufin asiri, Allah ya sa bai ga abin da ya biyo baya ba. Ba a daɗe ba 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan yankin, mutane suka watse, wasu Gwada, wasu Kuta, wasu nan Minna. Ɗansa Markus dama yana unguwar Ƙetaren Gwari a nan Minna, bakanike ne, tun yana yaro ya baro ƙauye. Sai ga Mama Laraba da matan 'yan'uwansa da jikoki sun sauka a ɗakunansa biyu. Abin da tsohuwar nan ta fito da shi buhu ne guda, ta saɓo shi a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya. Da za su gudu ta faɗa rumbu ta kwashi iri, abin da hannunta ya kai. Daga baya labari ya zo cewa rumbun ya ƙone. Wato duk Silikin da ta rage a duniya tana cikin buhun nan.

Markus ya roƙi wani fili da ba a gina ba a bayan gidan da yake haya, suka tada tsibaye suka shuka. Filin marmara ce da fasassun bulo. Ni kuma a shekarar ba na zama, kasuwar Gwada ta yi fayau, iri ya yi wuya, sai da na riƙa nausawa har Lafiya da ƙasar Binuwai ina nemo wa mutanena abin shukawa. Na dai ji an ce sun tona, an samu kaɗan, na ce alhamdu lillahi.

Ana gobe Ista Markus ya kira ni. Ya ce, "Yaya Idi, ruwa ya kusa, ka zo ka yanka mana irin Baba, ni hannuna na sifana ne." Na ɗauki wuƙa da ƙullin toka na tafi da hantsi. Ya shigar da ni wani lungu ya yaye buhu, ga doya dogwaye a jere, ba laifi, duk sun fitar da toho. Ya ce, "Ka gani? Waɗannan ne suka fito da kamar gida. Na ware su tun ranar tono, ko yara ban bari sun taɓa ba."

Na tsuguna na duba. Tohon kore ne shar. Na karce wuyan ɗaya, na karce na biyu. Wannan doyar gama-gari ce, ana samunta a kowace kasuwa, irin mai taurin kan nan. Ashe a rububin gudu Mama ta haɗo iri biyu a buhu. Na tambaye shi a ina waɗannan suka fito, ya ce ta gefen da ake zuba shara a da, inda ƙasar ta yi baƙi. Na ce to sauran filin fa, me ya bayar?

Ya ce, "Wasu munana ne masu yatsu, duk gashi. Ba doyar Baba ba ce. Su muke ci tun kaka."

Na ce, "Saura nawa?"

Ya ce, "Na ƙarshen ke nan ake ferewa, na abincin jajibiri."

Ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ran nan. Na zagaya bayan gida, na tarar da mata sun gama ferewa, farar doya tana cikin tukunya a kan wuta, har ta fara tafasa. Ɓawon kuma an juye shi a wani tsohon baho a gindin katanga, awakin maƙwabta sun zagaye shi sun dukufa. Na faɗa cikinsu da hula a hannu ina duka. Wata uwar garke ta ƙi sakin abin da ta ɗauka, na riƙe mata ƙaho na zaro shi daga bakinta. Matan suka tsaya da wuƙaƙe a hannu suna kallona, ɗaya ta ce da Hausa don in ji, "Yau Malam ya zo da yunwa." Abin da na ƙwato daga bakin akuyar nan kan doya ne, rabinsa a tauna, amma a gefensa ga ɗan toho nan, ja kamar zoɓo.

Na nuna wa Markus. Ya kalli tohon, ya kalli tukunya, ya zauna a kan bulo ya dafe kai. Mama Laraba tana zaune a kan tabarma, idonta ya riga ya yi rauni a lokacin, ta ce a miƙo mata. Ta shafa, ta kai hanci. Ta ce, "Na gaya masa tun ranar da na fara daka ta. Na ce wannan danƙon na gidanmu ne. Ya ce bakina ne ke kewar gida." A wurinsu maganar iri ta maza ce, shi ya sa ta faɗa sau ɗaya ta yi shiru.

Markus ya ce, "Shi ke nan, mun cinye gadon Baba da bakinmu."

Na ce ya tashi ya nemo mini tabarma, ba a gama ba tukuna. Kun tuna na ce muku rai a ɓawo yake? To ga inda munin doyar nan ya cece ta. Da doguwa ce sumul, da matan nan sun fere ta siriri kamar takarda, da babu abin da za a tsinta. Amma mai yatsu ba ta feruwa da daɗi. Dole wuƙa ta yi zurfi, a datse kan yatsu a yar, a ƙwaƙule lungu da namansa. Muka juye bahon a tabarma muka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Duk ɓawon da ke da nama ko da kaurin ɗan yatsa ne, da kawunan da awaki suka rage, da guntayen yatsu, na gyara bakinsu da wuƙa, na birkima su a toka, muka shanya a inuwa. Markus ya je wurin masu yankan katako ya cika buhu da garin katako. Muka jiƙa shi, muka shimfiɗa a kwanduna, muka jera guntayen a ciki muka rufe. Ban taɓa shuka abu ƙanana haka ba, na dai taɓa jin ana yi, kuma ba mu da wata dabarar.

Kwandunan a rumfata suka zauna, can inda kake jingine. Kullum da safe sai na yayyafa ruwa, in tona da yatsa in cire wanda ya ruɓe kada ya shafa wa na kusa da shi. Kuma sun ruɓe da yawa, fiye da rabi. Markus yakan biyo da yamma da kayan aikinsa duk baƙin mai, ba ya tambaya, sai ya tsaya ya kalli kwandunan ya kalle ni. In ce masa tukuna. Ana nan har ruwa ya sauka sosai, wasu manoma doyarsu ta fara hawa kara, mu ba mu ga komai ba. Na ji tsoro a lokacin, ba zan ɓoye muku ba. Sai wata safiya na ga garin katakon ya tsage a wuri ɗaya, wani ɗan jan abu kamar tsinke ya leƙo. Kafin mako ya zagayo sun fito da ɗan dama. Na aika aka gaya wa Mama, ta ce a gaya mini ta ji, kuma kada in bar kaji kusa.

A shekarar farko ba a maganar ci. Mun dasa su a filin nan na Ƙetaren Gwari, muka kewaye da ƙaya saboda awaki, abin da suka bayar bai fi ƙwan agwagwa ba. Amma iri ne, cikakke, kowanne da kansa. Da shekara ta juyo hankali ya ɗan kwanta a kusa da garin Gwada, duk da ƙauyensu bai koma zaunuwa ba. Wani tsohon mai sayen iri a wurina ya ba mu aron gefen gonarsa, ƙasa mai zurfi kusa da ruwa. Markus ya so a kwashe duka a kai can. Na ce a'a, abin da ya faru da rumbu ya ishe mu darasi, a raba biyu. Rabi ya tafi Gwada, rabi ya zauna a marmara.

Ranar da muka buɗe tsibin farko a Gwada, Markus ne ke tono, da hannu, don na hana shi sa ƙarfe kusa. Yana yaye ƙasa tana ƙara tafiya, har ya kwanta a kan cikinsa hannunsa ya nutse. Da ya zaro ta sai ga Siliki, doguwa, miƙaƙƙiya, santsinta na ɗaukar ido, kamar daga rumbun Baba aka ɗauko ta. Jikar ɓawon da aka zubar wa awaki ke nan. Na yi murna ran nan irin wadda ban yi ba ko ranar da na buɗe rumfar kaina.

Muka ɗauro dogwayen da muka tona a mota muka kawo Ƙetaren Gwari. Dama an tona na bayan gida, suna tare a tsakar gida da yatsunsu da gashinsu. Aka ɗora wa Mama doguwar a cinya. Ta bi ta da tafin hannu daga kai har ƙasa, ta sake bi. Sannan ta ce a miƙo mata ɗaya daga cikin na bayan gida, ta ɗora kusa da ita.

Markus yana tsaye yana kallon su biyun. Ya ce, "Mama, na yarda iri ɗaya ne, Yaya Idi ya nuna mini. Amma gaskiya har yanzu in na kalli mai yatsun nan sai in ji kamar ba tamu ba ce. Tunda ta ainihin ta dawo, a dafa waɗannan kawai."

Mama ta juya fuskarta wajen muryarsa. Ta ce, "Kai da ka zo Minna fa? Ka dawo mini gida da baƙin mai a farce, yarenmu ya karkace a bakinka, hannunka ya manta garma. Nan ka samu kanka, ka yi yadda za ka rayu. Ka taɓa jin na ce ba nawa ba ne?"

Matan gidan suka ƙunshe dariya.  Markus ya sunkuya ya kwashi masu yatsun nan a gaban rigarsa, ya yi sawu ya dawo har suka ƙare, ya jera su a ƙarƙashin gadon da yake kwana, inda wuƙar kowa ba za ta kai gare su ba.